Yadda ake tace sababbin anime na kowace kaka

Tambaya: Wani ɗalibi ya ce duk bayan wata uku yakan ga an fito da jerin sababbin shirye-shiryen zane na Japan, waɗanda ake kira anime, masu yawan gaske, alhali lokacinsa da datarsa ba za su ɗauki fiye da uku ko huɗu ba. Yakan bi wanda mutane suka fi yin magana a kansa, amma sau da yawa kafin a kai tsakiya sai ya ji ya gundure shi. Yana neman hanyar da zai riƙa zaɓa.

Amsa: Ɗan'uwa, abin da zai fi yi maka amfani shi ne ka daina zaɓa da hoton talla da yawan surutun jama'a, ka koma duba abubuwan da ake iya sani tun kafin a fara nuna shiri: daga ina labarin ya fito, su wane ne suka yi aikin, kuma shin an ba su isasshen lokaci. Waɗannan ne suke nuna ko shiri zai riƙe ingancinsa har ƙarshe, kuma mafi yawansu a rubuce suke a fili ga duk wanda ya nema.

Gidajen talabijin na Japan sun kasa shekara gida huɗu, kuma sababbin shirye-shirye suna farawa ne a watannin Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Kowace kaka wata uku ce, tana ɗaukar kashi 12 ko 13, kowane kashi kuwa minti 24 ne ko kusa da haka. Ke nan shiri guda na kaka ɗaya zai ci maka kusan awa biyar. Wasu shirye-shiryen suna cin kaka biyu a jere, wasu kuma a raba su, kamar yadda aka yi wa Spy x Family a 2022, inda aka nuna rabin farko daga Afrilu zuwa Yuni, aka huta, sannan aka dawo a Oktoba. A shekarun nan, shirye-shiryen da suke farawa a kaka guda sukan kai gomomi, don haka babu mai karatu ko sana'a da zai iya bin su duka, kuma barin mafi yawansu shi ne daidai.

Dalilin wannan yawa yana da alaƙa kai tsaye da zaɓinka. Mafi yawan anime na talabijin ba situdiyon da ya zana su ne yake zuba kuɗinsu ba. Ana kafa kwamiti ne na kamfanoni da dama: mawallafin littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, kamfanin waƙoƙi, gidan talabijin, masu sayar da kayan wasa da tufafi, da kamfanin da zai nuna shirin ta intanet. Kowa ya sa hannun jarinsa, kowa da inda yake sa ran ribarsa za ta fito. Mawallafi yana iya samun biyan bukata idan cinikin littafinsa ya ƙaru, ko da shirin ya tsaya a tsakiyar labari ba a sake komawa kansa ba. Saboda haka shirye-shirye da yawa talla ce ga littafi, kuma mai kallon da bai san haka ba shi ne yake kai kashi na 12 ya tarar ba a warware komai ba. Idan kai mutum ne mai son labari ya ƙare, wannan kaɗai zai rage maka jerin sosai.

Sai mu zo ga tushen labari. Akwai waɗanda aka ɗauko daga manga, wato littattafan labarin zane da ake bugawa babi-babi a mujallu. Akwai na ƙananan littattafan ƙagaggun labarai na matasa, akwai na wasannin bidiyo, akwai kuma waɗanda aka rubuta musamman domin talabijin. Wanda aka ɗauko daga manga ya fi sauƙin tantancewa, domin labarin ya riga ya sha gwaji a hannun masu karatu. Frieren, wanda Kanehito Yamada ya rubuta, Tsukasa Abe ya zana, ya fara fita a mujallar Weekly Shonen Sunday a 2020, kuma ya ci kyautar Manga Taisho a 2021, shekara biyu kafin a mayar da shi shirin talabijin. Duk wanda ya duba wannan a watan Satumba na 2023 ya san ba caca yake yi ba. Abin tambaya a irin wannan shi ne yawan babin da za a cusa cikin kashin da aka ware. Zango na biyu na The Promised Neverland, a farkon 2021, ya tsallake manyan sassa na littafin domin a kai ƙarshen labari cikin kashi 11, kuma masu karatun littafin sun gane inda aka dosa tun kafin sauran masu kallo su farga. Ra'ayin waɗanda suka karanta tushen yana da amfani a wannan gaɓar, muddin ka kiyaye kada su tona maka labarin.

Na ƙananan littattafai kuwa, kaso mai yawa sun samo asali ne daga wani dandalin Japan mai suna Shosetsuka ni Naro, wanda aka buɗe a 2004, inda kowa yake iya sa labarinsa kyauta. Daga can ne ambaliyar labaran isekai ta fito, waɗanda jaruminsu yake mutuwa ko a ɗauke shi ya farka a wata duniya, galibi da wani ƙarfi da ya fi na kowa. A kowace kaka za ka ga da yawa irinsu, kuma mafi yawansu suna maimaita juna ne. Amma ba na ba ka shawarar ka yi watsi da duk abin da ya fito daga wannan dandali, domin The Apothecary Diaries ma can ya fara a 2011, labarin wata yarinya masaniyar magunguna da guba da take warware asirai a fadar wani sarki mai kama da na tsohuwar ƙasar Sin, kuma yana cikin mafi kyawun abin da aka nuna a kakar Oktoba ta 2023. Abin da nake dubawa shi ne ko taƙaitaccen bayanin shirin ya faɗi matsalar da jarumi yake fuskanta, ko kuwa ƙarfinsa kawai ya lissafa. Labarin da jaruminsa ba ya iya yin asara ba ya da abin da zai riƙe ka har mako 12.

Waɗanda aka rubuta domin talabijin su ne mafi haɗari, kuma su ne nake fi so a ba su dama, domin babu wanda ya san ƙarshensu, kuma yawanci an tsara su ne su kammala cikin kashin da aka ba su. Odd Taxi na Afrilun 2021 misali ne mai kyau. Zanensa na dabbobi ne masu magana, jaruminsa direban tasi ne a Tokyo, kuma mutane da yawa sun wuce shi a makonnin farko saboda kamanninsa, sai daga baya labari ya bazu cewa ƙulli ne na binciken ɓatan wata yarinya da aka saƙa da hikima cikin kashi 13.

Yanzu ga inda nake so ka fi mayar da hankali, wato mutanen da suka yi aikin. Sababbin masu kallo sukan riƙe sunan situdiyo, su ce wannan na Madhouse ne ko na MAPPA ne, don haka zai yi kyau. Sunan situdiyo yana faɗin wani abu, amma bai kai yadda ake zato ba, domin masu zanen motsi da yawa a Japan masu zaman kansu ne, ana ɗaukar su aiki-aiki, kuma babban situdiyo yakan kasance da ƙungiyoyi da dama suna aiki a kan shirye-shirye daban-daban a lokaci guda. Lamarin ya yi kama da ɗan kwangilar gini: allon da ke bakin fili nasa ne, amma kyan ginin yana ga magina da kafintocin da ya samu a wannan karon. Zangon farko na One-Punch Man a 2015 ya yi suna saboda fagagen faɗansa, kuma Madhouse ne a rubuce, amma abin da ya kawo wannan inganci shi ne darakta Shingo Natsume da furodusan zane Yuichiro Fukushi, waɗanda suka tara ƙwararrun masu zane daga wurare daban-daban. Da aka yi zango na biyu a 2019 a J.C.Staff da wata ƙungiya dabam, kowa ya ga bambancin. A ɗaya ɓangaren kuma, Vinland Saga ya tashi daga Wit Studio a 2019 zuwa MAPPA a 2023, amma darakta Shuhei Yabuta da manyan abokan aikinsa suka bi shi, shirin ya ci gaba da numfashinsa na asali.

Ka ɗauki kakar Oktoba ta 2023 ka gwada wannan hanya a kanta. A jerin sunayen ma'aikatan Frieren akwai darakta Keiichiro Saito, wanda shekara guda kafin nan ya ba da umarnin Bocchi the Rock! a CloverWorks, shirin da ba a sa masa rai sosai ba amma ya zama abin magana saboda dabarun zanensa. Akwai kuma Fukushi ɗin nan na One-Punch Man a matsayin furodusan zane, ga Evan Call a kan kiɗa. Ƙari a kan haka, gidan talabijin na Nippon TV ya buɗe shirin da kashi huɗu a haɗe, na tsawon awa biyu, ranar 29 ga Satumba, a filin daren Juma'a da aka saba nuna manyan finafinai. Ba a ba shirin da ba a amince da shi ba irin wannan fili, kuma ba a iya sakin kashi huɗu a dare ɗaya sai aiki ya yi nisa. Labarin da ya ci kyauta, darakta mai tarihi, furodusa mai iya tara mutane, da alamar isasshen lokaci: duk an san su kafin a ga minti ɗaya na shirin, wanda ya ci gaba har kashi 28 ba tare da ingancinsa ya zube ba.

Sunaye uku nake so ka saba dubawa. Na farko darakta. Na biyu wanda aka ɗora wa tsara rubutun shirin gaba ɗaya, domin shi ne yake yanke abin da zai shiga kowane kashi da abin da za a zubar, kuma a shirin da ba shi da littafi a bayansa kusan shi ne marubucin labarin. Na uku mai tsara kamannin 'yan wasa, wanda sau da yawa shi ne babban mai duba zane. Ka danna sunan kowannensu a shafukan intanet masu tattara bayanan anime, irin su MyAnimeList ko AniList ko kundin Anime News Network, ka ga ayyukansa na baya. Idan ka tarar da abin da ka taɓa kallo ka so, wannan ya fi maka duk wani makin da masu kallo suke ba shiri. Da ka yi haka kaka biyu ko uku, za ka fara gane sunaye da kanka. Akwai 'yan situdiyon da sunansu yake da nauyi na gaske, kuma Kyoto Animation ne a gaba, domin ya shahara da horar da ma'aikatansa a cikin gida da biyan su albashi, saboda haka hannun da ya yi aikin jiya shi ne yake yin na yau. Ufotable, masu Demon Slayer, su ma suna yin kaso mai yawa na aikinsu a cikin gida.

Batun lokaci yana da wuyar gani daga waje, amma yana da alamu. Shirye-shirye da yawa ana ci gaba da zana kashinsu na gaba alhali ana nuna na farko, kuma idan jadawali ya karye, mai kallo ne yake gani: fuskoki su fara karkacewa, motsi ya ragu, a sa kashin tariyar baya inda ba a tsara ba, ko a ɗage mako. Wonder Egg Priority ya fara a Janairun 2021 da zane mai ban mamaki, amma kashi na takwas ya zama tariyar baya, kuma ƙarshen labarin bai fito ba sai ƙarshen watan Yuni. Zom 100 ya fara a Yulin 2023, ya yi ta samun jinkiri, kashinsa uku na ƙarshe ba su fito ba sai ƙarshen Disamba. Wannan ba lalacin masu zane ba ne. Ayyuka sun fi ƙarfin ma'aikatan da ake da su, kuma ƙananan masu zane suna aiki mai tsanani a kan kuɗi kaɗan, abin da ya daɗe yana damun masu kishin sana'ar. Ga mai zaɓa, darasin shi ne kada kyan tirela, wato gajeren bidiyon tallar shiri, ko kyan kashi na farko su yanke maka hukunci, domin a nan ne kowane situdiyo yake zuba ƙarfinsa. Tirelar da ta fito ana saura kwanaki kaɗan a fara, kuma duk fagagenta daga kashi ɗaya suke, abin lura ce.

Tabbas za ka ji ana maganar ƙa'idar kashi uku, wato ka ba kowane shiri kashi uku kafin ka yanke shawara. Tana da tushe, domin marubuta da yawa suna amfani da kashi na farko su gabatar da duniya, na biyu su kafa mutane, na uku kuma su nuna ainihin inda aka dosa. Misalin da aka fi kawowa shi ne Madoka Magica na 2011, wanda ya fara kamar shirin 'yan mata masu sihiri na yara, sai kashi na uku ya juya shi zuwa wani abu mai duhu. Sai dai ni ban ɗauke ta wajibi ba. Idan ka ba shirye-shirye 15 kashi uku-uku, ka kashe awa 18, wanda ya kusa isa ka kalli shirye-shirye huɗu cikakku. Shirin da ya ɓata maka rai a kashi na farko, ko don rashin kunya ko don rubutu maras kan gado, ba ya bin ka bashin kashi biyu. Kashi uku na shirin da ya bar ka cikin shakka ne, wanda ka ga wani abu a cikinsa amma ba ka tabbatar ba. Akwai kuma masu tafiyar hawainiya da gangan, irin Steins;Gate, wanda bai buɗe sosai ba sai wajen kashi na 12, kuma irin waɗannan sai an ji shaidar wanda ya gama kafin a yi musu haƙuri.

Makin da ake bayarwa a MyAnimeList da makamantansa kuwa, a makonnin farko ba shi da amfani sosai. Masoyan littafi ne suke fara bayarwa, tun kafin shiri ya nuna kansa. Zango na biyu da na uku kuma kusan kullum makinsu ya fi na farko, saboda waɗanda ba su so shirin ba sun riga sun sauka, masoya kaɗai suka rage. Abin da ya fi maki shi ne ka sami mai sharhi ɗaya ko biyu da ka san ɗanɗanonsu, ko da kuna saɓawa. Anime News Network yana fitar da sharhin kashin farko na kusan kowane sabon shiri a farkon kaka, marubuta da dama a kan shiri guda, kuma inda suka saɓa wa juna ya fi koyar da kai fiye da inda suka haɗu.

Akwai abin da ba zan bari ba tare da na faɗa ba, musamman idan kana kallo a gida kusa da ƙannenka. Kasancewar abu zane ne ba ya nufin na yara ne. Mafi yawan waɗannan shirye-shirye ana nuna su ne da tsakar dare a Japan, domin manya da matasa. Kalmomin shonen, shojo, seinen da josei suna nuna irin masu karatun mujallar da aka buga labarin ne, wato samari, 'yan mata, manyan maza da manyan mata, ba sa auna tsabtar abin da ke ciki. Attack on Titan, da duk zubar da jininsa, a mujallar samari ya fito. Made in Abyss na 2017 yana da zanen yara masu kumatu, amma yana ɗauke da azabtarwa da ko babba yakan kau da kai. Idan ka ga alamar ecchi a bayanin shiri, tana nufin akwai nuna tsiraici da gangan, kuma ya kamata ka duba alamun da ke jikin kowane shiri da ƙimar shekarunsa kafin ka kunna. Minti biyu na wannan dubawa zai kare ka daga kunyar da za ta sa a hana kallon gaba ɗaya a gidan.

Sauran abin da ya rage shi ne inda za ka samu. Crunchyroll, dandalin kallon anime ta intanet wanda Sony ya saya a 2021, shi ne yake ɗaukar kaso mafi girma na kowace kaka, yana sakin kashi jim kaɗan bayan an nuna shi a Japan, da fassarar rubutu ta Ingilishi, kuma shirye-shirye da yawa suna da ta Faransanci da Larabci, abin da zai taimaki mai kallo a Nijar ko Chadi ko Sudan. Haƙƙin nunawa ya bambanta daga yanki zuwa yanki, saboda haka ka tabbatar shirin yana buɗewa a ƙasarka kafin ka sa shi a lissafi. Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa takwas, don haka abin da aka nuna ƙarfe 12 na dare a Tokyo yakan iso mana ne bayan la'asar. Netflix kuwa wani lokaci yakan saki shiri gaba ɗaya a rana guda, kamar yadda ya yi wa Pluto a Oktoban 2023, kashi takwas masu tsawon kusan awa ɗaya kowanne, kuma irin wannan ba ya bukatar gurbi a jadawalinka na mako.

Da gurabe huɗun da kake da su, ga yadda zan raba su. Kafin kaka ta fara, ka buɗe jadawalin sababbin shirye-shirye a shafin LiveChart ko AniChart, ka cire ci-gaban shirye-shiryen da ba ka kalli farkonsu ba, ka cire waɗanda alamunsu suka saɓa wa abin da za ka iya kallo, sannan ka duba ma'aikatan waɗanda suka rage har ka tsaya a kan shida ko bakwai. Ka kalli kashin farko na kowannensu. Gurbi biyu ka ba waɗanda tushensu da ma'aikatansu suka gamsar da kai, ɗaya ka ba wani shiri da aka rubuta domin talabijin ko wani nau'i da ba ka saba kallo ba, na huɗu kuma ka bar shi a buɗe har mako na huɗu ko na biyar. A lokacin ne hayaniyar talla take kwantawa, shirye-shiryen da jadawalinsu ya karye su fara nunawa, kuma sunan wanda kowa ya wuce a makon farko ya fara yawo a bakin waɗanda suka daure suka bi shi. Labaran asiri da na gasa sun fi daɗi a bi su mako-mako tare da jama'a, domin jira da hasashe ɓangare ne na jin daɗinsu, ga kuma tsoron kada a tona maka. Masu tafiya a hankali kuwa, da waɗanda kake shakkar ko za su kammala lafiya, babu asara idan ka jira kaka ta ƙare, ka ji yadda suka ƙare, sannan ka sauke su a lokacin da data ta fi araha.